Sanyin Da Ke Zuwa Da Ruwa Da Iska: Jagora Ga Mai Barin Tawa Ko Yamai Zuwa Arewacin Afirka Da Turai

Da zarar an gama girbin hatsi a Adar, damma sun shiga rumbu, sai tashoshin motar Tawa su cika da samari. Wasu kudu suka nufa, Abijan ko Kwatano ko Legas, wasu kuma Aljeriya da Libiya. A tsakanin nan ne kuma ɗaliban da suka samu gurbin karatu a Maroko, Tunisiya, Aljeriya, Turkiyya ko Faransa suke jan akwatunansu a filin jirgin Diori Hamani na Yamai. Mai yin kudu ba shi da matsalar da zan yi magana a kai. Da kai mai yin arewa nake, ƙanena, da ke ƙanwata, domin kuna barin gida lokacin da ruwanmu ya ɗauke, ku isa can lokacin da nasu yake saukowa.

Mu ma muna da sanyinmu, ba wanda zai gaya wa ɗan Tawa zafin asubar Janairu. Ma'auni yakan sauka wajen digiri 15, hazo ya rufe gari, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso. Amma da hantsi rana ta fito, kafin azahar an kai digiri 30, kowa ya cire rigar sanyi ya rataya. Ɗigon ruwa ɗaya ba ya sauka. A birnin Aljiyas kuwa, daren Janairu yana wajen digiri 5 ko 6, rana da kyar ta wuce 17, kuma ruwan da suke samu a shekara ya kai na Yamai ko ya fi, galibinsa tsakanin Oktoba da Afrilu. Ana iya kwana uku ko huɗu gajimare bai yaye ba. Abubuwa uku ne ke kayar da baƙo a irin wannan yanayi: jiƙewar tufafi, iskar da ke ratsa su, da wutar da zai hura a rufaffen ɗaki don ya ji ɗumi. Galibin matakan da ke tafe a kan waɗannan ukun suke.

Mataki na ɗaya: ka san garin da za ka sauka

Sunan ƙasa bai isa a haɗa kaya da shi ba. Garuruwan bakin teku irin su Aljiyas, Oran, Rabat, Kasablanka, Tunis da Turabulus, sanyinsu bai cika kaiwa ga daskarar da ruwa ba, amma akwai ruwan sama da danshi da iskar teku. Garuruwan tudu irin su Setif, Batna da Ifran suna ganin dusar ƙanƙara. A Ifran ta Maroko ne ma aka auna digiri 23.9 ƙasa da sifili a 1935, sanyi mafi tsanani da aka rubuta a Afirka. Na cikin hamada, Tamanrasat da Sabha, busasshe ne irin namu, sai dai darensu yakan kusanci sifili, ga Tamanrasat tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,400. A Istanbul da Paris kuwa, ko da tsakar rana ma'auni bai cika kaiwa 10 a Janairu ba.

Ka nemi wanda ya taɓa cinye sanyi guda cur a garin, ka yi masa tambaya biyu: da me ake ɗumama ɗakin da zan zauna, kuma wa ke biyan kuɗin wutar?

Mataki na biyu: tufafi, tun daga kasuwar gida

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi ƙatuwar riga guda mai nauyi a ce an gama. Tufafi hawa uku ake sawa. Na ciki mai kama jiki, wanda ba ya riƙe gumi, riga da dogon wando. Na tsakiya mai riƙe ɗumi, suwaita ta ulu ko mai laushin gashi. Na waje mai tare iska da ruwa, mai hula a haɗe. Amfanin haka shi ne idan ka shiga aji ko mota mai ɗumi sai ka cire ɗaya, kada ka yi gumi sannan ka fito iska ta same ka da lema a jiki.

Auduga, wadda ita ce sarauniyar tufafinmu a nan, can abokiyar gaba ce ranar ruwa. Shadda da yadi da wandon jins suna shan ruwa su riƙe, su manne a fata. Ruwa kuwa yana janye ɗumin jiki fiye da iska wajen sau 25. Ka tafi da shaddarka don Juma'a da salla, amma ba ita ce kayan fita ranar hadari ba.

Ba sai ka sayi sabo ba. A layin ƴan gwanjo na kasuwar Katako ko Wadata a Yamai, ko a kasuwar Tawa, ana samun rigunan da aka ɗinka don wancan sanyin, domin daga can suka fito. Ka je tun kafin Disamba, kafin sanyi ya shigo kuɗinsu ya hau. Idan ka ɗauki riga, ka yi mata gwaji uku a gaban mai kaya. Ka kafa bakinka a jikin yadin ka hura da ƙarfi, ka sa tafin hannu ta ɗaya gefen: in numfashinka ya ratsa, iska ma za ta ratsa. Ka ɗiga ruwa kaɗan a hannun rigar: in ya dunƙule ya gangara, tana tare ruwa, in ya nutse wurin ya yi duhu, rigar sanyi ce kawai, ba ta ruwa ba. Sannan ka ja zif sama da ƙasa sau da yawa, ka duba ɗinkin kafaɗa da na hammata, domin ta nan ruwa ke fara shiga. Ka gwada ta a bisa suwaita, ka ɗaga hannuwa sama. In ta ɗame ka, ka nemi wadda ta fi ta. Ƴar takardar da ke wuyan rigar ma ka karanta: wadda aka rubuta laine ulu ce, kuma ulu ko ya jiƙe yana riƙe ɗan ɗumi.

Takalmi ya fi riga muhimmanci, ko da yake shi aka fi rainawa. Rufaffe za ka nema, mai kaurin ƙasan roba da zane mai zurfi, saboda daɓen titunan can yana santsi in ya jiƙe. Ya ɗan fi ƙafarka, don safa mai kauri ta samu wuri. Takalmin da ya matse yatsu yana hana jini gudu, ƙafa ta ƙara sanyi. In da hali ka yi ƙafa biyu, domin jiƙaƙƙen takalmi ba ya bushewa a kwana ɗaya. Safa ta ulu ƙafa uku ko huɗu, hular sanyi mai rufe kunne, da safar hannu. Rawaninka ma kada ka bar shi: ba abin da ya kai shi tsare wuya da hanci daga iska, sai dai ranar ruwa ka sa shi ƙarƙashin hular riga, kada ya sha ruwa ya zama kaya.

Ƙanwata, doguwar riga ko abaya mai jan ƙasa tana kwasar ruwan titi har gwiwa. Ki ware wadda ta tsaya a idon sawu don ranakun ruwa, ki sa dogon wando mai kama jiki a ciki. Siririn hijabi ba ya tare iska, ki sa hular ulu a ƙarƙashinsa.

Bargo ka bari sai ka isa, domin yawancin jirage kilo 23 suke ba akwati, kuma bargo mai kyau zai cinye wuri. Babbar rigar da takalmin ka sa su a jiki ranar tafiya. Abin da ya cancanci wurin da ya rage shi ne man kaɗe, citta, kanumfari, yaji da garin kunu. Mai zuwa Faransa ko wata ƙasar Tarayyar Turai ya sani an hana shiga da nama da kayan nono a cikin kayan matafiyi, don haka kilishi da cukun da inna ta ƙulle a leda ana iya karɓe su a filin jirgi. A cinye su a gida tare da ƴan rakiya.

Mataki na uku: ka ga likita kafin ka tashi

Mai amosanin jini, wato sikila, kada ya tsallake wannan. Sanyi da jiƙewa da ƙarancin shan ruwa suna tayar da ciwon. A Yamai akwai cibiyar ƙasa da ke kula da masu wannan cuta. Ka je a rubuta maka takardar da ke bayyana irin jininka da magungunan da kake sha, ka riƙe ta tare da fasfo. Mai fuka ya tafi da abin shaƙarsa guda biyu, ɗaya a aljihu kullum, domin iska mai sanyi da fumfunar bango duk suna tayar da ita.

Akwai kuma abin da ya shafi kowa. Idan zazzaɓi ya kama ka a watannin farko bayan isarka, kada ka yanke cewa murar sanyi ce. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana iya biyo ka daga gida ta tashi bayan makonni, kuma likitan da ke garin da ba a fama da cutar ba lallai ta zo masa a rai ba. Kai za ka faɗa da bakinka: daga Nijar na zo, ranar kaza, a auna jinina.

Mataki na huɗu: ka koyi karanta sararin can

Idonka ya saba da hadarin gida. Yana haɗowa daga gabas, baƙi ƙirin, guguwar ƙura ta riga shi, a yi tsawa a zuba ruwa awa ɗaya ko biyu, gari ya washe. Na can daga yamma yake zuwa mafi yawan lokaci, daga tekun Atlantika, kuma a hankali yake shigowa. Da farko za ka ga siraran gajimare fari can ƙololuwa, wani lokaci da zobe kewaye da rana ko wata. Bayan wasu awoyi sama ta yi toka-toka, rana ta dushe, gajimaren ya yi ta saukowa. Iska ta fara kaɗawa daga kudu ko kudu maso yamma, sai yayyafi, sai ruwa mai ɗorewa wanda ba tsawa ba walƙiya, yana iya wuni. Wurin da baƙo ke ruɗuwa shi ne ƙarshensa: sama ta ɗan buɗe, ka ce an gama, ashe lokacin ne iska ke juyawa ta koma yamma ko arewa maso yamma, ta ƙara ƙarfi, sanyi ya ƙaru, ruwa ya riƙa zuwa kashi-kashi, wani sa'in da ƙanƙara. Kada hasken rabin awa ya sa ka fita ba rigar ruwa.

Kowane dare kafin ka kwanta ka duba hasashen gobe a wayarka, kuma kada ka tsaya ga hoton gajimare da lamba ɗaya. Ka duba mafi ƙarancin ma'auni, domin shi za ka tarar a tashar mota da safe. Ka duba awoyin da ake sa ran ruwa. Sannan ka duba iska, musamman bugunta na farat ɗaya, wanda a wayar da ke Faransanci ake rubutawa rafales. Daga kilomita 40 zuwa 50 a awa, lema ba ta riƙuwa, sai rigar ruwa. Daga 60 zuwa sama ƙananan rassa na karyewa, tafiya ma tana wuya. In an doshi 90, rufin gidaje da itatuwa na cikin haɗari, zama a ɗaki ya fi. Akwai kuma lambar da ake kira ressenti, wato yadda jiki zai ji sanyin in an haɗa da iska: digiri 5 da iskar kilomita 40 a awa, fata tana jin sa daidai da digiri 1 ƙasa da sifili. Da wannan lambar za ka zaɓi tufafi.

Hukumomin yanayi na Faransa, Aljeriya da Maroko suna ba da gargaɗi da launi. Rawaya, ka kula. Ruwan lemo, ka soke duk fitar da ba dole ba. Ja, kada ka fita. A Aljeriya za ka ji ana cewa an fitar da BMS, sanarwa ce ta musamman a kan ruwa ko iska ko dusar ƙanƙara, tana faɗin jihohin da abin ya shafa da awoyinsa. Ka nemi sunan jiharka a ciki.

Mataki na biyar: ɗumama ɗaki ba tare da ka kashe kanka ba

In ba za ka riƙe komai daga wannan rubutu ba, ka riƙe wannan.

Ga yadda abin yake faruwa. Samari biyar ko shida suna kwana a ɗaki ɗaya, sau da yawa a ginin da ba a gama ba, inda suke aikin birkila da rana. Ruwa ya wuni, tufafi sun jiƙe, iska na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Sai a cusa tsumma a wurin, a liƙe taga da kwali da leda. Wani ya samo gwangwanin fenti ya huda shi, a zuba gawayi ko guntayen katako, a dafa shayi a kai, a bar garwashin a tsakar ɗaki don a ji ɗumi. Kowa ya ja bargo. Ba hayaƙin da ya dame su, domin garwashin ya riga ya yi ja. A nan ne haɗarin yake. Duk abin da ke ci da wuta, gawayi ne, itace, gas ko kananzir, in bai samu isasshiyar iska ba yana fitar da gubar da ake kira kabon monoksayid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da ɗoriya, sai jini ya kasa kai iska ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Mai barci ba ya farkawa ya gudu, barcin ne ke ƙara nauyi. A Aljeriya kaɗai, jami'an agajin gaggawa suna ƙirga mutum fiye da 100 da wannan guba ke kashewa a shekara, akasarinsu a watannin sanyi, har ta kai kamfanin wuta da gas na ƙasar, Sonelgaz, ya shiga saka na'urar gargaɗi a gidaje.

Za ka ce ai a gida ma tsofaffi suna shiga da kaskon wuta ɗaki. Gaskiya ne, kuma a nan ɗin ma ba shi da kyau, yana kashewa. Abin da ke rage ɓarnar a ƙauyukanmu shi ne ɗakunan suna shan iska ta ƙofar zana da ta rufi. Tagar gilashi mai bakin roba ba ta barin komai ya fita.

Don haka gawayi ba ya kwana a ɗaki, ko ya yi ja ko bai yi ba. Shayi a dafa shi a waje ko a bakin buɗaɗɗiyar taga, a fitar da murhun da an sauke. Ba a kunna murhun girki na gas don ɗumama ɗaki. Ba a tayar da janareta a cikin gida ko gareji. Na'urar ɗumama ɗaki mai tukunyar gas ko kananzir, in ita ce kawai ke akwai, a kunna ta na ɗan lokaci da taga a ɗan buɗe, a kashe kafin a kwanta. Ƙananan ramukan iska da za ka gani a bangon madafa ko na makewayi, masu murfin raga, ba kuskuren magini ba ne. Ko iska na shigowa ta nan, kada ka toshe su. Ka kula da na'urar ɗumama ruwan wanka mai aiki da gas, musamman in a cikin makewayin aka kafa ta: harshen wutarta shuɗi ya kamata ya zama, in ya koma rawaya ko ka ga baƙin hayaƙi a bango bisanta, a daina amfani da ita sai mai gyara ya duba, kuma a gaya wa mai gida a ranar. In kuna da hali ku haɗa kuɗi ku sayi na'urar gargaɗin, ƴar ƙarama ce mai batir.

Alamomin su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da ruɗewa. Babbar shaida ita ce mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya su ji haka lokaci guda, ko ka ji sauƙi da ka fita waje. Kada ka tsaya neman dalili. Ka buɗe ƙofa da tagogi, ka kashe abin da ke ci in yana kusa, a fitar da kowa, wanda ya suma a ja shi waje a kwantar da shi ta gefe, a kira agaji. A Aljeriya lambar ita ce 14, a Maroko 15, a Tunisiya 198, a Faransa da Turkiyya 112. Duk inda ka sauka, ka sa lambar garin a wayarka tun ranar farko, tare da cikakken adireshin gidan, domin cikin ruɗu ba za ka iya kwatance da harshen da ba naka ba. Ko kowa ya farfaɗo, a je asibiti. Tsoron tambayar takardu kada ya sa ku bar ɗan'uwanku kwance.

Abin ɗumama ɗaki mai aiki da lantarki ba ya fitar da wannan guba, amma yana jawo gobara. Irin mai wat 2,000 a jona shi kai tsaye a bango, ba a wayar nan mai bakuna da yawa ba, domin tana zafi ta narke. A bar tazarar mita ɗaya tsakaninsa da katifa da labule, kuma ba a shanya komai a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar ɗaki ya kai digiri 18. In kuɗin wuta ba zai bari ba, a ɗumama jiki maimakon ɗaki: a ɗaga katifa daga siminti ko da bisa katako ko kwali mai kauri, bargo ɗaya a ƙasa biyu a sama, a kwana da safa busasshiya da hula, a sa ruwan zafi a gorar roba mai kauri a naɗe ta da tsumma a ajiye wajen ƙafa.

Mataki na shida: danshi da wanki

Da safe za ka tarar gilashin taga yana zubar da ruwa, bango yana gumi kamar randa. Numfashinku ne da tururin girki da na wanki suka taru suka rasa hanyar fita. In aka bar shi, baƙar fumfuna za ta fito a kusurwa da bayan katifa, tufafi su yi wari, tari ya ƙi ƙarewa. Maganinsa yana da wuyar karɓa ga mai jin sanyi: a buɗe tagogi gaba ɗaya minti 10 da safe, minti 10 da yamma, ko ana sanyi. A goge gilashin, a janye katifa da akwati daga jikin bango kamar faɗin tafin hannu. Fumfunar da ta riga ta fito a goge ta da ruwan jabel da aka sirka, taga a buɗe, kuma kada a haɗa jabel da wani maganin wanki.

Wankin da ke bushewa cikin awa ɗaya a igiyar gidanku, can yana iya kwana uku. Ka yi wanki kaɗan-kaɗan, ka zaɓi ranar da hasashe ya nuna iska ba ruwa, ka matse sosai. Jiƙaƙƙen takalmi a cire shimfiɗar cikinsa, a cusa masa tsohuwar jarida, a canja ta in ta jiƙe. Kusa da wuta fata tana tsagewa, gam ya saki.

Mataki na bakwai: ranar da ruwa da iska suka haɗu

Ka fita da safa busasshiya a cikin leda, takardunka da waya ma a leda. Ka bi gefen da gini ya tare iska, ka nisanci manyan itatuwa, allunan talla, katangar kwano ta wurin gini da wayar lantarkin da ta faɗo. Bakin teku ba wurin kallo ba ne ranar iska, igiyar ruwa tana haurowa kan titi ta ja mutum. Mai aikin gini kada ya hau sama ko ya ɗauki falle na kwano in iska na bugu. Kuɗin yini ɗaya ne za a rasa.

Ɗan Adar ya san halin ƙorama, yadda take zuwa da ruwan da ba a ga saukarsa ba. Kwaruruwan can ma haka suke, kuma wasu an gina unguwanni a kansu. A ranar 10 ga Nuwamba 2001, ambaliya ta gangaro unguwar Bab El Oued ta Aljiyas, mutum fiye da 700 suka rasu. Kada ka kwana ƙarƙashin gada ko a cikin busasshen kwari, kada ka karɓi ɗakin ƙarƙashin ƙasa a gangare in kana da zaɓi. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana iya kayar da babba, 30 kuma yana ɗaga ƙaramar mota.

In ka dawo a jiƙe, kafin shayi, kafin waya, ka tuɓe komai ka goge jiki ka sa busasshe. Yatsun da suka sandare a ɗumama su a hammata ko a ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba a bakin wuta ba. Saurin gasa su ne ke kawo kumburin nan mai ja da ƙaiƙayi. Idan ka ga abokinka yana karkarwa ba tsayawa, maganarsa na sarƙewa, hannunsa ya kasa riƙe kofi, yana tangaɗi ko barci na fizgarsa, ɗumin jikinsa ne ya faɗi ƙasa da digiri 35, kuma ba sai da dusar ƙanƙara hakan ke faruwa ba, ruwa da iska sun isa. In karkarwar ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, abin ya ƙara muni ne. A kira agaji, a cire masa jiƙaƙƙun kaya a hankali, a naɗe shi da bargo har kai, a raba shi da ƙasa. In yana cikin hayyacinsa a ba shi abin sha mai ɗumi da sukari. Ba a murza masa hannu da ƙafa, ba a tsoma shi a ruwan zafi.

Mataki na takwas: salla, ci da sha, da kewar rana

Yini yana gajarta. A Yamai ko a Disamba rana tana yin sama da awa 11; a Paris awa 8 ne da ƴan mintoci, magariba na yi wajen ƙarfe 5. Azahar da la'asar da magariba suna matsowa kusa da juna, sai ka tsara su da lokutan aji ko aiki tun da wuri. Bayan alwala ka goge ƙafa sosai har tsakanin yatsu kafin ka mayar da safa. Shafa a kan huffi na fata halal ne a mazhabar Malikiyya da sharuɗɗansa. Ka zauna da malaminku ya karanta maka babin kafin ka tafi. Kuma idan ka ga liman ya haɗa magariba da lisha a daren ruwa, kada ka yi mamaki, sauƙi ne da fiƙihunmu ya sani.

Sanyi yana ɓoye ƙishirwa, ka sha ruwa ko ba ka ji ba. Kada ka fita da safe cikinka wayam; kunu mai citta ya fi burodi da baƙin shayi riƙe mutum. Miyar harira ta Maroko da shorba ta Aljeriya, da wake da adas (wani ɗan ƙaramin wake da ake ci a can), suna da araha kuma suna ɗumama jiki. Man kaɗe a shafa bayan wanka, domin ɗakin da ake ɗumamawa yana busar da fata. Duk ranar da rana ta leƙo ka fita ka sha ta. Baƙar fata tana buƙatar rana mai yawa kafin jiki ya samu bitamin D, kuma a Turai likita yakan rubuta shi a watannin sanyi in ka tambaya.

Wanda ya tashi cikin rana, in ya yi makonni bai gan ta ba, zuciyarsa takan yi nauyi, barci ya yi yawa, karatu ya ƙi shiga. Ba raunin imani ba ne, kuma ba kai kaɗai ba ne. Ka nemi ƙungiyar ɗaliban Nijar ko ƴan garinku, ku kafa fadarku ko sau ɗaya a mako. In abin ya wuce makonni yana hana ka ci da fita, ka gaya wa likita.

Ga iyaye da yayyen da ke gida

Baba, inna, yaya: in za a aika masa kuɗi a watan Nuwamba, a ce na takalmi da rigar ruwa ne, a kuma ce ya turo hotonsu. Yaro ba zai faɗa muku yana jin sanyi ba, don kada hankalinku ya tashi. Idan ya kira, bayan gaisuwa ku tambaye shi su nawa ne a ɗakin, da me suke ɗumama shi, kuma ko suna kashewa kafin su kwanta. In ya ce kansa na ciwo tun safe, abokan ɗakinsa ma haka, kada ku ce ya sha magani ya kwanta. Ku ce ya buɗe ƙofa da taga, ya tashi sauran su fita waje yanzu kuna kan layi, sannan ya kashe kiranku ya kira lambar agaji.